Daren da aka san dalilin Katappa: yadda wani gidan kallo a Tawa ya karɓi Bahubali na biyu

Ranar 10 ga Yulin 2015 aka saki kashin farko na Bahubali a Indiya. S.S. Rajamouli ne ya ba da umarni, mahaifinsa Vijayendra Prasad ya tsara labarin, kuma asalinsa fim ɗin Telugu ne na kudancin ƙasar, ba na Bombay da kunnenmu ya saba da shi ba. Fiye da awa biyu da rabi mai kallo yana biye da yaron da ya hau dutsen da ruwa ke zubowa daga kansa, ya tarar da masarautar ubansa a hannun azzalumi, aka zaunar da shi ana ba shi tarihin uban, wato jarumi Amarendra Bahubali. Can a ƙarshe sai Katappa, tsohon bawan gidan sarautar Mahishmati, wanda ya koya wa Bahubali riƙon takobi, ya buɗe baki ya ce ba maƙiyi ne ya kashe shi ba, shi ne ya soke shi ta baya. A nan fim ɗin ya tsaya. An ce ci gaban zai zo a 2016, amma bai zo ba sai 28 ga Afrilun 2017.

Wannan rubutu a kan gidan kallo ɗaya ne a cikin garin Tawa, da abin da ya wakana a cikinsa da kewayensa lokacin da ci gaban ya iso. Na san gidan, na san yawancin masu zama a bencinansa, kuma ina nan aka yi.

Gidan da mai shi

Rumfar kwano ce a bayan wani shago, an kewaye ta da zana da tsofaffin buhuna. Akwai bencina, tele babba guda, lasifika biyu, da ƙaramin gurup da ake tayarwa in kuran ta ɗauke. A ƙofa akwai baƙin allo da ake rubuta shirin dare da alli. Ranakun ƙwallo, musamman in Barsa ko Riyal za su buga, dala ashirin ake shiga. A lokacin, sauran darare na fim ne, dala goma. Mai gidan tsohon ɗan ci-rani ne da ya yi shekaru yana talla a Abijan kafin gwiwa ta dawo da shi gida, kuma babba da yaro Kawu suke ce masa. Masu shiga maza ne zalla: ƴan kabu-kabu, teloli, yaran masu gyaran babur, ɗaliban lise da suka sulale daga bita, da wasu dattawa biyu ko uku da suke cewa iska suka zo sha.

Fim ɗin Indiya ba baƙo ba ne a nan. Iyayen waɗannan samarin sun kalli Amitabh Bachchan da Dharmendra ba tare da fassara ba, suka haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba. Abin da ya sauya shi ne zuwan Indiya-Hausa daga Kano, inda ake cire muryar jarumi a ɗora ta Bahaushe, har da karin magana da ba'a irin tamu. Fim yakan biyo ta Maraɗi ko ta Ƙonni a cikin katin memuwa, ya faɗa kwamfutar masu tura finafinai a bakin kasuwa, daga nan ya bazu cikin salula. Ta wannan hanya kashin farko na Bahubali ya shigo, kuma Kawu ya sha nuna shi har yara suka riƙa faɗin maganar Katappa tun kafin ya faɗe ta.

Zaman jira

Kusan shekara biyu tambayar tana yawo a fadojin shan shayi: “Dommi Katappa yak kashe Bahubali?” A Indiya ma tambayar ta zama abin raha a kafafen sada zumunta, amma a nan ba raha kaɗai ba ce, kowa ya gina amsarsa ya zauna a kanta. Masu rinjaye suka ce Bahubali bai mutu ba sam, domin a saninsu jarumin Indiya ba ya mutuwa a tsakiyar labari, ɓoye shi aka yi a wani kogo, zai fito da furfura ya taya ɗansa yaƙi. Wasu suka ce sammu Ballaladeba, azzalumin ɗan'uwan Bahubali da ke kan sarauta, ya yi wa Katappa, tunda mutum ba ya kashe ɗan da ya rena da hankalinsa. Wani tela da ake ganin ya fi kowa sanin finafinan Indiya ya tsaya a kan cewa Bahubalin ne da kansa ya roƙi a kashe shi don ya tsirar da matarsa. Akwai kuma ƴan tsiraru da suka ce tsohon munafuki ne kawai, dama baran gida shi ya san inda ake ajiye wuƙa.

Ban taɓa jin wanda ya ambaci Sibagami, uwar Ballaladeba da ta reni Bahubali, ba. Dalilin a fili yake. Da ita aka buɗe kashin farko: mace da kibiya a baya, ta shiga kogi, ruwa ya shanye ta amma hannunta yana sama riƙe da jariri. Wanda aka fara nuna maka shi a haka, zuciyarka ba za ta kawo shi cikin waɗanda ake zargi ba. A ganina nan ne gwanintar Rajamouli take, ba a cikin giwaye da dawakan kwamfuta ba.

Jiran ya buɗe wa wasu kasuwa. A ƙarshen 2015 wani fim ɗin Telugu mai suna Rudhramadevi ya fito, da Anushka Shetty da Rana Daggubati a ciki, wato waɗanda suka fito a matsayin Debasena (matar Bahubali) da Ballaladeba, ga kuma fada da takubba da giwaye. Wani mai tura finafinai ya sauya masa suna a kwamfuta ya riƙa sayarwa a matsayin Bahubali na biyu. Mutane da dama sun biya, suka kai rabin fim suna jiran Prabhas, jarumin Bahubali, ya fito. Tun daga nan duk wanda ya ce ya samo ci gaban, sai an ce ya nuna Katappa tukuna.

Kwafin farko

Ba a daɗe da sakin fim ɗin a Indiya ba wani yaro ya kawo wa Kawu kati. Bahubali na biyu ne na gaskiya, amma wanda aka ɗauka a ɓoye daga cikin silima: hoto ya karkace, launi ya dushe, kawunan Indiyawa suna gilmawa a ƙasan allo, ga fito da ihu duk sanda jarumi ya bayyana. Babu fassara, Hindi ake yi.

A nan shawara ta kasu wa Kawu biyu. In ya nuna, ya riga kowa a unguwar, amma ya sayar wa mutane abin da ba za su gane ba. In ya jira fassarar Kano da hoto mai kyau, ba shi da tabbacin ranar zuwanta, kuma ya san katin da ya zo hannunsa yana hannun wasu. Ya zaɓi nunawa. Ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe, ya kuma mayar da kuɗin shiga dala ashirin kamar na ƙwallo.

Bazara ce, lokacin da kwanon rumfa ke riƙe zafin rana har bayan isha'i. Wurin ya cika har wasu suna tsaye a jikin zana. Telan nan aka sa a gaba ya riƙa fassarawa da baki, tunda an ce yana jin Indiyanci. Abin da yake ji bai wuce kalmomin soyayya da na rantsuwar ɗaukar fansa ba, sauran kuwa da hasashe yake cikewa, kuma hasashen nasa duk yana karkata wajen amsar da ya daɗe yana faɗa a fada. Da aka zo wurin da Sibagami ta kira Katappa cikin dare tana yi masa magana, shi kuma yana roƙonta, sai tela ya ce: “Ga shi nan, tana hwaɗa mai saƙon Bahubali na.” Wani daga baya ya ce, “Kai maigida, saƙo na aka kuka haka?” Ana cikin wannan kuran ta ɗauke. Gurup ɗin ya ƙi tashi sai da aka cire fulogi aka goge aka mayar, mutane suna zaune cikin duhu da gumi ba wanda ya yarda ya bar mazauninsa.

Da hoto ya dawo an ga sukar. An ga Katappa ya koma fada ya shafa wa Sibagami jinin a hannu. Ba a bukatar fassara kafin a gane wanda ya ba da umarni. Abin da ba a gane ba shi ne yadda aka yi uwa ta kai ga haka, kuma wannan shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Mutane suka fita da rabin amsa bayan sun biya kuɗi ninki biyu. Tun a daren wani ɗan kabu-kabu ya ce Kawu ya soke su ta baya, kuma sunan Kawu Katappa ya bi shi har yau.

Da fassara ta iso

Kowa ya ɗauka kasuwar fim ɗin ta mutu, tunda sirrin ya fita, yara ma suna faɗa a hanyar makaranta. Akasin haka aka gani. Da kwafi mai kyau ya zo da fassarar Hausa, Kawu ya mayar da kuɗi dala goma don ya wanke kansa, kuma gidan ya yi ta cika dare bayan dare, har da waɗanda suka riga suka gani. Tambayar ce ta sauya. Da ana tambayar dalili, yanzu ana tambayar mai laifi, kuma wannan ba ta ƙarewa da kallo ɗaya.

Awa ta farko ba ta yi wa samari daɗi ba. Sun zo ganin yaƙi, sai aka ba su neman aure: Bahubali ya je ƙasar Kuntala ya mayar da kansa wawa don ya kusanci gimbiya Debasena, Katappa kuma ya zama ɗan barkwanci. Aka yi ta tsaki. Wurin da ya farfaɗo da su shi ne harin ƴan fashi a fadar Kuntala, inda Bahubali ya koya wa Debasena harba kibiya uku a tashi ɗaya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Da aka zo waƙar jirgin ruwan da ya tashi sama ya shiga gajimare, rabin benci ya fita sayen ruwan sanyi.

Babu inda rumfar ta girgiza kamar wurin shari'ar Debasena. Sabon shugaban sojoji yana taɓa mata a hanyar shiga wurin bauta, da ya kai hannu wajenta ta yanke masa yatsu, aka kawo ta fada cikin sarƙa da tsohon ciki. Bahubali ya shigo ya ji ba'asi, ya ce mata ta yi kuskure, ba yatsu ake yanke wa irin wannan ba, ya zare takobi ya fille masa kai a gaban sarki da uwar sarki. Mutane suka miƙe tsaye. Sai da Kawu ya mayar da wurin baya aka sake kallo, kuma haka aka riƙa yi kowane dare. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni bai tafa ba. Ya ce a hankali, “Yaron ga ya gama da kainai. Ba a zubda jini gaban uwa.”

Mutuwar Bahubali kuwa ba a yi mata ihu ba. Katappa ya yi kamar an kama shi za a kashe, Bahubali ya zo ceton wanda yake kira kawunsa, ya sha kibau saboda shi, sannan aka soke shi, kuma wasiyyarsa ta ƙarshe ita ce a kula masa da uwarsa. Na ga ƙarti masu gemu suna share ido da gefen rawani suna cewa hayaƙin gurup ne. Abin da ya biyo baya, wato yaƙin da ɗansa Mahendra ya yi don karɓar sarauta, bai samu wannan daraja ba. Da sojoji suka lanƙwasa dogayen itatuwa masu kama da giginya suka harba kansu cikin garkuwa suka tsallake ganuwa, dariya aka yi, wani ya ce a kawo dabarar nan a huta da kuɗin mota zuwa Agadas. Wasu kuma suka yi ƙorafin Abantika, budurwar kashin farko, wadda a nan da ƙyar aka ga fuskarta. Ina tare da masu cewa ƙarshen an yi shi cikin gaggawa. Uban aka ba lokaci har aka so shi, ɗan kuwa gadon soyayyar kawai ya ci.

Yara ƙanana ba su damu da wannan duka ba. Kwana kaɗan unguwa ta cika da baka da kibiyar kara, kowa yana son harba uku a tashi ɗaya, har sai da aka kusa tsone wa wani ido iyaye suka karya su. Abin ya tuna mini da Moustapha Alassane, mai shirya finafinan nan da ya zauna a nan Tawa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Tun a 1966 ya yi fim a kan saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Ya riga ya ga wannan tun kafin a haifi iyayen yaran.

Uwa ko mata

Gardamar da ta fi daɗewa ta taso ne daga wuri ɗaya. Ballaladeba ya ga hoton Debasena, ya san ɗan'uwansa yana son ta, ya riga shi roƙon Sibagami ta aura masa ita. Sibagami ta yi alkawari ba tare da ta san komai ba, ta aika da dukiya, Debasena ta mayar da amsa mai zafi. Da gaskiya ta fito a gaban fada, aka ce wa Bahubali ya zaɓa, ko sarauta da yardar uwa, ko matar da ya yi wa alkawarin kare mutuncinta. Ya zaɓi matar.

Dattawan gidan kallon ba su yafe masa ba. Hujjarsu ita ce Sibagami ba ita ta haife shi ba, matar wan ubansa ce, amma ta shayar da shi tare da ɗan cikinta, ta kuma fifita shi a kan ɗan nata ta ba shi sarauta. Wadda ta yi maka haka, in ta ce ka bar mace, sai ka bari ko da ita ce ba ta da gaskiya. “Mata na da yawa, uwa guda ta,” in ji ɗaya daga cikinsu. Samari suka ce ai ita ta koya masa cika alkawari da tsayawa kan gaskiya ko a gaban wa, abin da ta shuka ne ya tsiro. Wani ɗalibi ya ce, “Baba, in ya saki yarinyar nan a ba Balla, ku da kanku za ku ce ba namiji ba ne.” Dattijon ya ce, “Ɗana, ba ka yi aure ba tukuna. Bari ka yi, mu ga wadda za ka kai ma tsarabar farko.”

Ba a banza wannan ya kama mutanen Adar ba. Yankin nan ya shahara da ci-rani. Da an gama girbi samari da magidanta suke kama hanyar Abijan, Kwatano, Legas, ko Libiya da Aljeriya, wani sai damina, wani sai bayan shekaru. Amarya tana zaune gidan iyayen miji, kuɗin da aka aiko sau da yawa hannun uwa ko wa yake fara shiga, kuma duk saɓanin da ya taso ta salula ake kai wa mai gida, kowace da nata bayanin. Mutumin da ke tura baro a wata ƙasa yana sauraren murya biyu da yake ƙauna suna ƙarar juna, ya san kujerar da aka zaunar da Bahubali a kai.

Mata ba sa shiga rumfar Kawu, amma sun kalli fim ɗin a gida, a salular ƙanne ko a telen tsakar gida, kuma hukuncinsu ya fi na maza kaifi. A gidanmu wata gwaggona ta ce bakin Debasena ne ya kashe mijinta: da ta iya mayar da magana cikin ladabi tun a wasiƙar farko, da ta yi shiru ranar da aka sauke mijin daga shugabancin sojoji maimakon ta tsaya tana gaya wa uwar miji magana a bainar jama'a, da maƙiya ba su samu ƙofa ba. Matar ƙanena, wadda mijinta ke Abijan a lokacin, tana tankaɗe ba ta ɗago kai ba ta ce, “Inna, ita dai ta samu wanda ya tsaya mata yana nan kusa.” Ba wanda ya ƙara magana a kan fim ɗin a ranar.

Nawa ra'ayin shi ne fim ɗin bai ɗora laifin a kan ko ɗaya daga cikin matan biyu ba. Mijin Sibagami, Bijjaladeba, da ɗansa su ne suka ƙulla komai, har suka yaudari Kumara Barma, ɗan'uwan Debasena, ya shiga da wuƙa ɗakin sarki don a ce Bahubali ne ya aiko shi. Amma abin lura, a duk gardamar da na saurara da wuya a ambaci waɗannan maza biyu. An bar masu makirci an kama surukai.

Maganar Katappa

Ɗaya gardamar ba a yi ta da ƙarfi ba, kuma ba ta daɗe ba, amma ita ta fi nauyi. Amsar da aka jira shekara biyu a taƙaice ita ce: an umarce shi. Kakannin Katappa sun yi rantsuwar bauta wa gadon sarautar Mahishmati, su da zuriyarsu. Sibagami ta ce ko ya kashe Bahubali ko ta kashe shi da hannunta, shi kuma ya ɗauki zunubin don kada ya hau kanta. Bayan haka ya ci gaba da yi wa Ballaladeba hidima shekara 25, yana ganin Debasena ɗaure a sarƙa a tsakar fada.

Da yawa a rumfar sun yaba masa. Suka ce wannan shi ne amana, irin barorin da babu su yanzu. Suka tuna wurin da wani baƙon mai sayar da takubba ya nemi ya fanshe shi a kashin farko ya ƙi, da wurin da ya durƙusa ya ɗora ƙafar ɗan Bahubali a kan kansa. Wani mushe da ke koyar da tarihi a kwaleji shi ya ɓata musu wannan yabo a fadar da ke ƙofar gidan kallon. Ya ce ku dubi abin da kuke tafa wa: mutum ne da aka haifa cikin bauta, ya fi kowa a masarautar iya takobi, ya san umarnin zalunci ne, amma bai ga kansa a matsayin wanda zai iya cewa a'a ba. Ya ce ba sai an je Indiya ba. A nan Nijar sai a 2003 aka sa bauta cikin laifuffukan da doka ke hukuntawa, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria. Kuma a cikin wannan jiha tamu ta Tawa, wajen Ƙonni, aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saya a ajiye bayan matan aure huɗu, ita ce ta kai ƙasar ƙara kotun CEDEAO ta ƙasashen Afirka ta Yamma, kotun ta yanke hukunci a Yamai ranar 27 ga Oktoban 2008 cewa hukuma ta kasa kare ta, aka ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Wurin ya yi tsit, domin a fada irin wannan kowa ya san asalin kowa, ko da ba a faɗa. Wani ya ce, “Mushe, fim na hwa, kar ka kai mu nesa.” Wani saurayi mai gyaran taya, wanda ba ya cika magana ba, ya ce shi tun ranar da ya ga ƙafar nan a kan tsohon bai ƙara son wurin ba, kuma da aka naɗa Mahendra sarki ya zuba ido ya ji an ce an ƴanta Katappa, har rubutu ya hau bai ji ba. Gaskiyarsa. Fim ɗin ya ƙona azzalumi, ya kwance wa Debasena sarƙa, ya karya gunkin zinariyar Balla, amma rantsuwar kakannin Katappa tana nan yadda take, an dai sauya masa ubangida nagari. Mai shayi ya zuba na biyu, wani ya tayar da maganar ƙwallo, aka bi shi da sauri.

Wani malamin unguwa ma ya yi nasa ƙorafin, a kan gumaka da bautar da ke cikin fim ɗin, ya ce bai dace yara su saba da ganin haka ba. Kawu ya amsa da cewa zai riƙa tura wuraren gaba, ya yi hakan dare biyu ya bari.

Abin da ya rage wa mai gidan

A Indiya, Bahubali na biyu shi ne fim ɗin ƙasar na farko da cinikinsa ya haura rufi biliyan 10. Ko dala ɗaya daga rumfar Kawu ba ta shiga wannan lissafi ba, kamar yadda ba ta shiga aljihun masu fassarar Kano ba, tunda katin kwafi ne na kwafi. Shi dai ya samu abin da ya gyara gurup ya ƙara benci biyu, ɗaya a madadin wanda ya karye a daren da gardamar uwa da mata ta kai wasu samari biyu ga cacumar riga. Azumi ya kama a ƙarshen Mayun shekarar, aka dakatar da fim, bayan salla ya sake sa shi ya kuma samu mutane.

Darasin da ya ɗauka shi ne ba zai ƙara nuna kwafin silima marar fassara ba, ko wa ya riga shi. Ya riƙe wannan. Da kashi na biyu na wani fim ɗin Indiya, K.G.F, ya fito a Afrilun 2022, bayan an jira shi tun ƙarshen 2018, yara sun kawo masa kati tun makon farko ya ce su mayar. Ya jira fassara da hoto mai kyau, ya rubuta a allo, ya bar kuɗi dala goma. Sai dai a shekara biyar ɗin nan salula mai babban gilashi ta shiga aljihun kusan kowane ɗan kabu-kabu, kuma fassarar tana isa wayoyinsu rana ɗaya da isarta wurinsa. Waɗanda suka zo ba su cika benci huɗu ba, yawancinsu yaran da ba su da waya ne. Yanzu darare biyu kawai yake sa fim a mako, sauran duk ƙwallo ce.